Abin da Wuyan Yokebedi Ya Sani

Ni da Yokebedi Logose mun taɓa yin faɗa a bayan majami'armu ta Yahudawa, faɗan da har awakin da ke ɗaure a gindin itatuwan kofi suka bar kiwo suka zuba mana ido. Saura kwana biyu Sabuwar Shekara. Ni ce shugabar mata masu girkin idi. Na kafa murhu shida, na sa an wanke manyan tukwane, muna jiran wake da tamba da gyaɗar da za ta kawo daga zagayen gidaje. Sai ga ta tafe a karkace, ta sauke kwando tana cewa, "Wash, wuyana!" Na ɗaga murfi. Abin da ke ƙasan kwandon bai fi mudu uku ba.

"Yaya Yokebedi, ina sauran?"

"Abin da ya rage ke nan."

"Bara buhu biyu muka juye."

"Bara ƙanƙara ba ta sauka ba, Hulda. Ko ke gonarki a ƙarƙashin laima take?"

"Kar ki kawo min zancen ƙanƙara. Gida talatin da bakwai kika shiga. Ko dai ki faɗi wanda ya kwashe, ko mu je mu leƙa tukunyarki. Na ga kumatun jikokinki sai sheƙi suke yi."

A gaban mata goma sha biyu na faɗi haka. Ta dube ni daga ɗankwali har ƙafa, ta ce, "Da bakin nan naki wake yake zubarwa, da mun ciyar da mutane har birnin Mbale." Ta ɗauki kwandonta ta tafi. Kafin azahar maganata ta gama tudun nan kaf, kuma ta ƙara ƙiba a hanya: wai Yokebedi sata take yi.

Daga wajen garin Budaka aka kawo Yokebedi amarya, doguwa, mai wuya kamar taɓarya. Mijinta Netaneli kafinta ne, shi ya yi bencinan majami'a da har yanzu suke cizon cinyar mutane. Ba su daɗe da aure ba soja suka rufe mana majami'u. Aka koma yin addu'a cikin gonar ayaba da murya ƙasa-ƙasa. Sadakar da ake tarawa a fili kafin ranakun idi ta tsaya, domin mutum biyar ba su isa su taru wuri ɗaya ba. To ita ce ta ɗauki kwando mai murfi ta fara bin gidaje. Duk sojan da ya tare ta, mai tallar wake yake gani.

Ga yadda take yi. A watan da ke gaban Sabuwar Shekara, lokacin da ake busa ƙahon rago kowace safiya, maza na shafe majami'a da farar ƙasa, mata na wanke fararen kaya, ita kuma sai ta fita. Ta shiga gida ta ajiye kwandon a cikin ɗaki, ta fito ta zauna ta ba ƙofa baya, tana zagin kajin masu gidan. A cikin kwandon akwai ƙunshi-ƙunshi na ganyen ayaba: wake, tamba, gyaɗa, gishiri, wani lokaci guntun sabulu ko 'yar kwalbar zuma. Mai shi ya zuba, marar shi ya ɗiba, ya rufe murfi ya yi tari. Sai ta koma ta ɗauka ta yi gaba. In ya cika ta juye rabi a ɗakin ajiyar majami'a, abin da ya taru kuma shi ne abincin idi na kowa da kowa.

Manyanmu sun koya mana cewa sadaka ba alfarma ba ce, haƙƙin marar shi ne da Allah ya ajiye a hannunka. Mafi kyawunta kuma ita ce wadda mai bayarwa bai san mai karɓa ba, mai karɓa bai san mai bayarwa ba. Ko wanda da sadakar yake rayuwa, shi ma sai ya bayar. Shi ya sa kwandon bai taɓa tsallake gida ba, ko na makaho.

Amma akwai ɓaraka guda a cikin dabarar. Tun ranar farko ta gane ta. Wuya yana sanin nauyi. In kwando ya shiga da nauyi ya fito da sauƙi, to ta san wa ke kwana da yunwa. Ta tafi wurin tsohon malaminmu na lokacin tana kuka, ta ce ta ɓata sadakar mutane. Ya ce mata, "'Yata, wuyanki ya sani, ba yadda za mu yi da shi. Ki dai tabbatar bai gaya wa bakinki ba."

Sai ta koyi tafiya iri ɗaya. Ko kwandon fam yake ko wayam, nishinta ɗaya ne, karkatar ƙugunta ɗaya ce, "Wash, wuyana!" ɗin nan ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Mu mata mun sha laɓewa a bayan ayaba muna karanta takunta in ta fito daga gidan wance. Ba mu taɓa samun ko ƙwayar labari ba. Wata shekara wani ya naɗe dutse a ganye ya saka mata. Ta wanke dutsen ta ajiye shi ana tokare ƙofar majami'a da shi, mai dutsen kuwa, ko wane ne, kowace Asabar sai ya tsallake kayansa kafin ya shiga addu'a.

Soja suka tafi, aka buɗe majami'a, amma kwando bai tsaya ba. Netaneli ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar, ta raine su da noman gyaɗa da wankau, kuma ko a shekarar takabarta sai da ta yi zagaye. Shekara talatin da takwas ke nan tana yi lokacin da na jefe ta da waccan magana.

Sabuwar Shekarar ta zo ta wuce a rame. Ayabar dafuwa da ruwan wake muka ci, waken ma sai ka bi shi da cokali kafin ka kamo. Abarbar da ake tsomawa a zuma don shekara ta yi zaƙi, kowa yanka ɗaya ya samu. Mutane suna ci suna satar kallon Yokebedi. Aka shiga kwana goman tuba da ke tsakanin Sabuwar Shekara da Ranar Kafara, ranar babban azuminmu, kwanakin da ya kamata kowa ya kama bakinsa, amma a bakin rijiya ba a maganar kowa sai ita.

Shugaban jama'armu a lokacin shi ne Dattijo Eliyakimu Mugoya. Rayuwarsa duka awon kofi ya yi a ƙungiyar manoma, saboda haka duk abin da bai hau sikeli ba bai yarda da shi ba. Ya daɗe yana so a jefar da kwandon nan, a riƙa kiran mabukata da suna a gaban majami'a ana miƙa musu kasonsu. Yanzu ya samu hanya. Rana ta huɗu cikin kwanakin tuban, bayan addu'ar safe, ya tara mutane a gindin mangwaro.

Yokebedi ta zo da kwandonta ta zauna a kan tabarmar mata. Abu biyu ne a gabanta. Ko ta ambaci gidajen da suka ɗiba ta wanke kanta, ko ta yi shiru ta shiga Ranar Kafara da sunan ɓarauniya, a ƙwace kwandon har abada. Kuma kalma ɗaya ta ishe ta. A bana babu gidan da kwando ya fito da sauƙi kamar gidan Eliyakimu kansa. Ƙanƙara ta kakkaɓe masa kofi, jikoki shida ne a gidan, shi kuwa kullum cikin kwat da guga, bai san me ke cikin rumbunsa ba, bai kuma tambaya ba. Matarsa Tirza ce ta ɗiba ranar da ya shiga gari. Kada wani ya ce Yokebedi ce ta gaya min. Tirza ce da bakinta, bayan mijin ya rasu, ta kuma ce in faɗa wa duk wanda na ga dama. Ran nan tana zaune kusa da ni, tana murɗa bakin zanenta kamar za ta tsinka shi.

Malaminmu Asafu, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu ba, ya yi ƙoƙarin tare abin. Ya ce, "Dattijo, ka san abin da aka koya mana. Kunyata mutum a bainar jama'a daidai yake da zubar da jininsa."

"Malam, ba wanda zai kunyata kowa," in ji Eliyakimu. "Awo kawai muke so. Kaya sun shiga kwando, kaya ba su fito ba. In mutane ne suka ɗiba, ta faɗi su waye mu sani. In kuma ba ta da sunaye, to mun san inda waken ya bi. Maman Yowabu, muna jin ki."

Yowabu shi ne ɗan farinta. Ta miƙe a hankali, ta gyara ɗaurin zane, ta tsaya tana kallon mu ɗaya bayan ɗaya har wasu suka fara duba ƙasa.

"To, zan faɗa."

Na ji Tirza ta ja numfashi kamar wadda aka watsa wa ruwan sanyi.

"Sai dai ku yi haƙuri da ni," in ji Yokebedi. "Ban yi makaranta ba. Kaina bai iya tsallake ba, kamar igiya yake, sai na kamo daga baki. Ba zan iya kaiwa bana ba sai na bi ta shekarar farko. Ku gyara zama, gida talatin da bakwai ne sau shekara talatin da takwas. Wanda ya bar tukunya a wuta ya aika a sauke."

"Bana kawai muke tambaya."

"Haba Dattijo, kai da ka yi aikin sikeli, ka taɓa auna rabin buhu ka bar rabi? Shekarar da soja suka rufe majami'a. Gida na farko a kan tudu, gidan marigayi Mugoya, mahaifinka. Kana cikin gajeren wando a lokacin, hanci na zuba. Na shiga da kwando, mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, ta rufe ƙofa. Da na dawo na ɗaga shi..."

"Dakata!"

"Ai ban ce ya yi nauyi ko ya yi sauƙi ba tukuna."

"Na ce ki dakata. Matattu ba sa cikin wannan magana."

"To mu bar matattu su huta. Mu zo kan masu rai. Shekarar da mijin Hulda ya faɗo daga rufin ɗaki ya karye, ya yi wata bakwai a kwance..."

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Ke Yaya! Wa ya tambaye ki ƙafar mijina?"

"Ke kika tambaya, ƙanwata. A bayan majami'a, gaban mata goma sha biyu. Zauna, naki ba shi da tsawo."

Wani tsoho mai suna Zakayo, da ke jingine da sandarsa, ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Jama'a, in ta kusa gangarowa gidana ku taɓa ni in gudu, ƙafata ba ta sauri." Wasu suka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Kowa ya shiga lissafin shekarunsa: shekarar fari, shekarar jinya, shekarar da aka kori ɗa daga aiki. Can baya wata ta ce, "A bar maganar nan mana." Wani ya ce, "Wa ma ya kira taron nan?" Maza masu gemu suka fara kakkaɓe riga suna duban hanya.

Malam Asafu ya ce, "Duk mai son Maman Yowabu ta ci gaba, ya ɗaga hannu."

Hannuwa suka lafe a cinya kamar an ɗaure su. Eliyakimu ya duba dama ya duba hagu. Idonsa ya sauka kan matarsa, ya daɗe a wurin. Abin da ya gani a fuskarta shi ya sani. Ya cire hularsa ya mayar, ya zauna.

Mu duka mun ɗauka an gama. Ashe ita yanzu ta fara.

"Kun tara ni kuna tambaya wa ya ɗiba," in ji ta. "Wanda ya ɗiba haƙƙinsa ya ɗauka, ba shi da laifi a wurin Allah balle a wurinku. Amma ban ji wanda ya tambayi wa ya ƙi zubawa ba. Ƙanƙarar nan ba kowace gona ta bi ba, kowa ya san inda ta tsaya. Akwai gidajen da rumbunsu har murfi ba ya rufuwa, kwando ya shiga ya fito yadda ya shiga, mai gida ya yi min tari mai ƙarfi kamar ya zuba buhu. Wuyan nan ya san su su ma. Saura kwana shida mu tsaya da fararen kaya muna roƙon a rubuta mu cikin masu rai. An ce mana tuba da addu'a da sadaka su ke kawar da mugun hukunci. Biyun farko da baki ake yi, kuma na ga kun iya. Gobe da safe zan sake zagayawa."

Ta ɗora gammo, ta ɗora kwandon da ba komai a ciki, ta ce, "Wash, wuyana!" Ta ratsa ta tsakiyarmu ta wuce, mutane suna janye ƙafa.

Washegari tun kafin raɓa ta bushe ta fita. Gida na uku kwandon ya cika. Ta juye rabi ta koma, gida biyu kawai ya sake cika. A kwana biyu sawu goma sha ɗaya ta yi zuwa ɗakin ajiya. Wake, tamba, gyaɗa ɓararriya, busasshen rogo, zuma kwalba huɗu, har da fararen riguna a naɗe cikin ganye. Wannan karon nishin nata na gaske ne, amma wa zai bambance? Masu ɗiba suka ɗiba hankali kwance, domin kwandon ya yi yawan da ba a gane gurbi. Ni da na kafa murhu shida sai da na aro tukwane daga maƙwabtanmu Musulmi na gangare.

A jajibirin Ranar Kafara dole ne kowa ya ƙoshi kafin ya ɗauki azumi, kuma a shekarar nan ba gidan da hayaƙi bai tashi ba. Da aka busa ƙahon ƙarshe aka sha ruwa, mun ci mun bar saura. Bayan Idin Bukkoki, wanda ke biyo bayan Ranar Kafara, aka duba ɗakin ajiya, aka tarar da waken da ya isa iri. Aka zuba shi a kwando ya sake zagayawa, gonakin da ƙanƙara ta share suka yi kore kafin ruwan ya ɗauke.

Amma kafin azumin akwai sauran aiki. Laifin da ka yi wa mutum, Ranar Kafara ba ta wanke shi sai ka je ka roƙi mutumin. Eliyakimu ya zo ƙofar gidanta cikin farar riga, ba kwat, ba takalmi, ya kuma taho da mutum uku su ji. Ya ce, "Maman Yowabu, na zalunce ki a gaban jama'a. Ki yafe min." Ta ce, "Na yafe, Dattijo. Ka gaishe min da Tirza."

Ni kuwa sai da ta gasa ni. Na je da safe, ta ce tana shara. Na koma da hantsi, ta ce kunnenta na hagu ya toshe, in dawo ta dama. An ce sau uku ake roƙo, ta kuma san haka sarai. A na ukun na durƙusa har ƙasa, gwiwoyina na ƙara, na ce, "Yaya, bakina ya yi miki ƙazafi."

"Ya yi. Tashi kar ki karye irin na mijinki."

Na tashi ina kakkaɓe zane. Na ce, "Tsakaninki da Allah, da ba a tsayar da ke ba, da kin faɗa?"

"Me zan faɗa? Kwando ya shiga, kwando ya fito. Haka zan yi ta jerowa har ku gaji ku watse. Amma na tsorata bayin Allah a kwanakin tuba. Shi ya sa tun asuba na je na roƙi malam ya gaya min ko sai na bi su gida-gida neman gafara."

"Me ya ce?"

"Ya ce in bar su haka, tsoron ya yi musu amfani."

Ta ƙara shekara bakwai tana zagaye, ba wanda ya sake ambaton kiran suna a gaban majami'a. Sannan wuyan ya ƙi. Ta zaɓi wata mata mai suna Naama, marar yawan magana, ta yi wata guda tana koya mata tafiya a tsakar gida. Ta sa mata duwatsu, ta cire, ta sa ta yi taku. "Kin yi sauri, kin tona asirin mutum. Koma." Har sai da ita kanta ta kasa gane ko kwandon da kaya ko babu, sannan ta sake ta.

Shekarar da Yokebedi za ta rasu, a watan busa ƙaho, na je duba ta da safe. Na yi kiciɓis da Naama tana fitowa daga gidan da kwando a ka, tana nishi yadda aka koya mata. Na tarar da Yokebedi zaune a bakin gado, ta rame, 'ya'yan duk suna nesa, gonar gyaɗa ta koma ciyawa. Ta kamo hannuna ta jawo ni kusa, idonta ya kawo ruwa.

"Hulda, yau dai ni ma na..."

Na sa tafin hannu na toshe mata baki.

"Rufe min baki, tsohuwar banza, ban ji komai ba. Kin riƙe asirin gari guda shekara arba'in da biyar, sai naki ne zai fi ƙarfinki? Miƙo ƙafar in shafa miki man."